Yawon Jirgi da Bazara: Nasu da Namu

A ƙasashen Turai akwai wata al'ada wadda idan aka ba mutumin ƙauyenmu labarinta zai yi dariya tukuna kafin ya yarda. Sa'ad da sanyinsu ya wuce, wajen watan Afrilu da Mayu, itatuwa suka yi toho, sai magidanci ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa, ya biya kuɗi mai yawa, ya yi hayar wani dogon jirgin ruwa mai ɗakin kwana da madafa a cikinsa. Su shiga wata hanyar ruwa wadda mutane suka haƙa da hannu, su yi mako guda suna tafiya. Ba kasuwa za su ba, ba biki, ba gaisuwar rasuwa. Jirgin kuma ba ya sauri. A Ingila ba a yarda ya wuce mil 4 cikin sa'a guda ba, watau mai tafiya a ƙasa idan ya ɗaga ƙafa yana iya jerawa da shi, mai keke kuwa sai ya bar shi can baya. Da yamma su ɗaure jirgin a bakin wani ƙauye, su yi girki, su kwana a kan ruwa.

Waɗannan hanyoyin ruwa, waɗanda ake ce da su kanal, don ɗaukar kaya aka haƙa su tun asali. A Ingila an buɗe wadda ake kira Bridgewater a shekarar 1761 domin a riƙa kai kwal daga inda ake haƙarsa zuwa birnin Manchesta, kuɗin kwal kuwa ya faɗi da rabi a birnin. A zamanin nan ba inji. Doki ne yake bin gaɓa yana jan jirgin da igiya, doki guda kuwa yakan ja kayan da ya kai tan 30, abin da ko kusa ba zai iya ja a kan turɓaya ba. Akwai wata a kudancin Faransa wadda ta girme ta. Wani mai karɓar harajin gishiri, sunansa Riquet, shi ya tsaya a kan aikin, ya zuba dukiyarsa a ciki, aka haƙa kanal mai tsawon kilomita 240 daga birnin Tulus zuwa bakin Bahar Rum. Ya rasu a 1680, aka buɗe ta a 1681. Babban abin da ya hana shi barci shi ne inda zai sami ruwan da zai cika ta a wurin da ƙasa ta fi tudu. Sai ya tare rafukan da ke gangarowa daga duwatsu, ya tara ruwansu a babban tafki, ya riƙa sakinsa kaɗan kaɗan. Ku riƙe wannan dabara, gama za mu sake gamuwa da ita a gida.

Da jirgin ƙasa ya zo, daga baya manyan motoci, sai ciniki ya bar kanal. Waɗansu suka cike da laka da ciyawa. Daga baya masu son su suka share su, wurin zuba kwal a cikin jirgi ya zama ɗakin kwana, hanyar doki ta zama hanyar masu yawo. Abin da ya fi ba yaran makaranta mamaki a labarin nan shi ne yadda jirgi yake hawan tudu. Akan gina wani ɗaki a cikin kanal, marar rufi, mai ƙofa gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya, a buɗe wa ruwan sama hanya ya cika ɗakin, jirgin ya yi ta tashi har ya yi daidai da ruwan gaba, sa'an nan a buɗe ƙofar gaba ya wuce. Inda tudun yake da tsawo sai a jera irin ɗakunan nan kamar matakala. A ƙasarmu ma an yi wa dam ɗin Kainji irin wannan mafita don jiragen Kwara.

Shekara da shekaru muna koyar da wannan a darasin labarin ƙasa, ba kuwa shekarar da wani yaro ba zai ɗaga hannu ba ya ce, "Malam, ai mu ma muna da kanal. Me ya sa ba a shiga jirgi a tamu?" Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma ta fi darasin tsawo.

Lalle muna da kanal, ba kuwa ƙarama ba. Mu da aka haifa bayan an gama dam ɗin Tiga mun tashi mun same shi kamar yadda muka sami duwatsun Rano, har yana yi mana wuya mu tuna cewa mutane ne suka yi shi. An fara aikin a 1971, aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, daidai shekarun da fari ya gigita ƙasar nan. Aka datse Kogin Kano a ƙasar Bebeji da bango mai tsawon wajen kilomita 6, tsayinsa mita 48. Kogin nan daga duwatsun kudu yake fitowa, ya ratsa ƙasar Doguwa da dajin Falgore da ƙasar Tudun Wada. Da aka tare shi sai ruwa ya koma baya ya zama tafki mai faɗin murabba'in kilomita 178 in ya cika. Ga dabarar Riquet ke nan: a tara ruwan damina, a riƙa sakinsa da rani. Daga dam ɗin babbar kanal ta tashi, ta bi ta Ruwan Kanya, ta rabu biyu, reshe guda ya yi gabas wajen Bunkure, guda ya yi yamma wajen Kadawa da Garun Malam da Kura. Hekta 22,000 aka shirya za ta shayar a kashi na fari. Ba injin da yake tura ruwan, gangare kawai yake bi. Abin dariya kuma, injiniyoyin da suka zana tsarin gonakin mutanen ƙasar Holan ne, waɗanda a garinsu jirgi yakan tsaya a ƙofar gida.

Amma su da kansu ba su zana tamu don jirgi ba. Kanal ɗin Turai ruwanta a kwance yake, da kyar za ka gane inda ya nufa, gama hanya ce. Tamu kuwa aikinta ta kai ruwa gona kafin alkama ta yi yaushi, saboda haka ruwanta yana gudu. Inda ƙasa ta yi gangare ba a gina ɗaki mai ƙofa biyu ba, an bar ruwan ya faɗa ƙasa ne kawai da ƙarfinsa. Ga ƙofofin ƙarfe a tsakiyar hanya, ga gadoji gajeru waɗanda ko ƙwarya ba za ta wuce ƙarƙashinsu da sauƙi ba in ruwa ya cika. Duk wanda ya sa jirgi a nan, da shi da jirgin ba za su yi nisa ba. Wurin jirgi a ƙasarmu shi ne kan tafkin, can bayan bango. Masu shiga jirgi a can kuma yawancinsu ba don marmari suke shiga ba. Masunta ne, da masu ƙetarewa zuwa kasuwa ko gona, waɗanda in sun bi ta tudu za su yi zagaye mai nisa.

Mun daɗe muna ganin cewa bai kamata yaro ya gama makarantarmu yana iya zana kanal ɗin Faransa a allo ba, alhali bai taɓa ganin ƙasarsa daga kan ruwa ba. Don haka muka ɗauki al'ada, mu malamai, mu kai yaran aji na ƙarshe Tiga a hutun Ista. Kwana biyu muke yi, rana guda a kan tafki, rana guda a bakin kanal.

Masu fassara sukan kira lokacin yawon Turawa bazara, mu ma da bazara muke namu, amma sunan ne kaɗai ɗaya. Su suna fitowa ne domin sun gaji da sanyi, suna neman rana. Mu kuwa a watan Afrilu rana ita ce abin gudu, ma'aunin zafi yakan kai 40 ya wuce. Duk da haka kada wani ya ce bazararmu ba ta da ado. Ɗorawa ta riga ta rataye jajayen tutunta, mangwaro ya nuna, itatuwa da yawa sun fid da sabon ganye tun ɗigon ruwa bai sauka ba, gawo kuma yana nan kore shar yana jiran damina ya kakkaɓe nasa. In an yi sa'a a ƙarshen watan, sai a ga shamuwa ta iso. Ruwan tafkin kuwa ya ja baya ƙwarai, gama wata biyar ko shida ana sakinsa ba abin da yake shigowa. Inda ya janye ya bar laka mai danshi, mutane sun bi shi da shuka, Fulani kuma sun gangaro da shanu mashaya.

Tun da asuba muke isa bakin ruwa, lokacin da masunta suke dawowa daga duba kallin da suka kafa da daddare. Yara sukan tsaya su ga ana juye karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa da kawara, mata masu suya da 'yan sari suna ciniki. Wanda ya saba kai mu wani dattijo ne, ya ba saba'in baya. Shi yake zaɓo mana jirage da matuƙansu, shi kuma yake zaunar da yaran da hannunsa, wannan nan, wancan can, yana duban nauyinsu kamar mai awon hatsi. Ba ma yarda a tayar da inji in ba dole ba. Da filafili ake tuƙawa, a hankali, kusa da gaɓa.

Minti goma na fari ba mai magana. Yaron da ya fi kowa surutu a aji za ka gan shi ya ƙanƙame katakon da yake zaune a kai. Sa'an nan sai jiki ya saki. Abin da Turawan nan suke biyan kuɗi su saya, mun gane shi a wannan lokaci. In kana cikin mota daga Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada, ƙasar wucewa take yi kamar ana janye tabarma, ba ka riƙe kome. A cikin kwalekwale kuwa dutse guda za ka yi rabin sa'a kana dubansa, ka ga farin zanen da ruwa ya bari a jikinsa, wanda yake nuna inda ya kai da kaka, sama da kan mutum. Ka ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya bai kula da kai ba. Ka ji garken kirinjijiya sun tashi da kukansu. Ka ji muryar mai kiran shanu daga ƙetare sarai kamar yana kusa, gama ruwa yana ɗaukar murya. Iska mai sanyi tana tasowa daga kan ruwan, abin da ba a samu a tudu a watan nan ko da kuɗi. Can kudu kuma ga duhun itatuwan Falgore. Ba ma zuwa wajen, daga nesa muke nuna wa yara.

Akwai abin da ba a gani sai da bazara. Da ruwa ya yi ƙasa, sai kututturan itatuwa su leƙo, baƙaƙe, waɗansu a jere. Matuƙi yakan kauce musu, gama suna fasa jirgi. Wata shekara wata yarinya ta tambayi dattijon nan ko wane ne ya shuka itace a tsakiyar ruwa. Ya yi shiru, ya ci gaba da tuƙi. Can sai ya ɗaga filafili ya nuna wani dutse a gaɓa, ya juya ya nuna wata kuka a ɗaya gefen, ya ce in an ja layi daga wannan zuwa wancan, gidan mahaifinsa yana tsakiya. Ɗayanmu ya ce, "Baba, mun kusa wurin?" Ya ce, "Malam, ai mun wuce ta kansa tun ɗazu. Rijiyarmu na nan, da rumbuna, da kabarin kakata."

Yana saurayi aka tashe su. Ya ce an zo an auna, an ƙirga ɗakuna da itatuwa, aka nuna musu sabon wuri a kan tudu. Tsofaffi da yawa ba su gaskata ruwa zai iso ba, gama kogin da suka sani da rani yaro yana ƙetare shi da ƙafa, har a yi tono a yashi kafin a sami na sha. Da damina ta zo sai suka ga ruwa yana tahowa ba gudu ba tsayawa, yau ya ci gonar wane, jibi ta wane. Shi manomi ne ɗan manomi, bai taɓa riƙe filafili ba. Wurin baƙin masunta da suka zo daga nesa ya koyi su, ya koyi iyo yana da gemu. Ba da ɗaci ya faɗi wannan ba. Ya ce kifi ya aurar masa da 'ya'ya, ya kuma ce ƙasar da aka ba su ba ta kai wadda ruwa ya ci ba, duka biyu a numfashi ɗaya. Dubban mutane ne aka tasa saboda tafkin nan. Littafin da muke koyarwa da shi ya ba da tsawon bango da yawan ruwa, bai ce kome a kansu ba. Yaran da suka ji wannan daga bakin mai shi, suna zaune a kan wurin, ba mu taɓa bukatar maimaita musu ba.

To, ga inda maganar take da nauyi. Ran 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari, a ƙasar Bagwai, ya taso daga ƙauyen Badau. Yawancin waɗanda ke ciki yaran makarantar Islamiyya ne za su taron Mauludi. Mutum 29 aka tabbatar da rasuwarsu a kwanakin farko. Jirgin an yi masa lodi fiye da ƙarfinsa. Duk malamin da ya ji labarin nan ya san abin da ake nufi da a ba ka amanar 'ya'yan mutane da safe, da yamma ka rasa abin da za ka faɗa wa iyayensu. Da muka yi taron iyaye da malamai bayan haka, wata uwa ta miƙe ta ce, "Malam, ku yi mini gafara, amma ɗana ba zai taka jirgi ba, ko da kuwa za a hana shi takarda." Ba wanda ya ga laifinta. Bazarar 2022 ba mu je ba.

Amma ba mu yarda a kashe tafiyar gaba ɗaya ba, ga kuwa dalilinmu. Hana yaro jirgi ba ya raba shi da ruwa. Ƙasar nan yanzu ƙasar ruwa ce, ko mun so ko mun ƙi: ga Tiga, ga Bagauda, ga Ruwan Kanya, mutanen Kiru kuma ga ruwan dam ɗin Challawa kusa da su tun 1992. Kakanninmu ba su bar mana ilimin zama da babban ruwa ba, gama ba su da shi. Yaron da aka ce masa kul, shi ne da tsakar rana, iyaye suna hutawa a inuwa, zai bi abokansa zuwa kanal ba babba ko ɗaya a wurin. Kanal kuwa ta fi tafki haɗari ga yaro, domin ba ta da ban tsoro a ido. Yana ganin ƙetarenta kusa, yana tsammani taku biyar ne. Bai san gefenta na siminti yana da gansakuka ba, santsi kamar sabulu, in ka zame ba abin kamawa. Bai san ruwan da yake gani lumui a sama yana ja a ƙasa ba, yana kuma kai duk abin da ya ɗauka ƙarƙashin ƙofar ƙarfe. Mutanen da ke zaune a bakinta sun san irin labarin da akan ji in zafi ya tsananta. Mun fi so yaro ya fara sanin ruwa yana tsakanin malaminsa da dattijon da ya yi shekara hamsin a kansa, ya ji ana ce masa nan ana shiga, nan ba a shiga, ga kuma dalili.

Da muka koma, mun koma da sharuɗa, iyaye ne kuma suka taya mu tsara su. Jirgin da matuƙi ya ce yana ɗaukar mutum 12, mutum 8 muke sawa, mu biya kuɗin 12. Wannan shi ne wurin da ake faɗuwa, gama mai jirgi talaka ne, kowane kai kuɗi ne a gare shi, in ba a biya shi kujerun da aka bari ba zai cika su. Ba yaron da zai shiga sai da rigar ruwa a jikinsa, a ɗaure. Rigunan da tsada, a hankali muka tara su, muna kuma ba da aronsu. Malami guda yakan tsaya a tudu da takardar sunaye. Kafin rana ta take mun fito, domin hadarin farkon shekara da la'asar yake tasowa daga gabas, iska tana gaba ruwa yana baya, tafkin da yake kwance kamar faranti kuwa cikin 'yan mintoci sai ya tashi da raƙuman ruwa. In dattijon ya dubi sama ya ce yau ba shiga, to, ba shiga, ko da mun biya mota mun zo. An taɓa yin haka, yara suka yi ta gunaguni, muka zauna a gindin dutse muka ci guzurinmu. Uwar nan kuwa har yanzu ba ta yarda ba, ba mu kuma matsa mata ba. Ƙanen yaron yana zuwa rana ta biyu kaɗai.

Abu ɗaya kuma, ba ma barin yara su yi wanka a gaɓa, ko a tafki ko a kanal, komi zafi. Inda ruwa ya kwanta da ciyawa akwai ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ƙwayar tana fita daga jikinsu ta shiga fatar mai wanka, bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini. A waɗansu ƙauyuka har ana ɗaukar wannan alamar balaga ce ga ɗa namiji. Ba haka ba ne, ciwo ne, yana cin mafitsara a hankali, yana kuwa da magani a asibiti. Iyaye, in kun ga alamar kada ku yi shiru.

Rana ta biyu ita ce ta fi kama da yawon Turawa, ko da yake a ƙasa muke. Mota takan sauke mu a wani wuri a reshen yamma, mu bi hanyar da ke bakin kanal da ƙafa. Kowane yaro yakan zo da ɗan jirgin da ya ƙera da karan dawa, waɗansu har da rumfa da tuta. A jefa su a ruwa, mu bi su. Dokar ita ce ba mai wuce jirginsa, ba kuma mai sauka ya ɗauko shi in ya maƙale. Haka muke tafiya da saurin ruwa, wani wuri sai mun ɗaga ƙafa, wani wuri mu yi ta jira. Dama da hagu ga gonaki kore a watan da ko'ina ya bushe. An riga an yanke alkama, tumatir yana ƙarewa, kwandunan da suka rage ana loda su zuwa Kwanar Gafan, ga albasa, ga masara, ga shinkafar rani. Yara suna ganin yadda babbar kanal take haifar ƙanana, ƙananan su haifi waɗansu, da tafkunan da ake tara ruwan dare a ciki don a yi ban ruwa da safe. Jiragen karan duka a ƙofar ƙarfe ta fari suke ƙarewa, ruwa ya murɗa su ya haɗiye. Mukan tsaya a nan mu bar yara su duba da kyau. Ba ma ƙara wani bayani.

In muka yi nisa zuwa ƙananan hanyoyin ruwa, sai labari ya sake. Waɗansu sun cike da laka da kacala, mai gona a ƙarshen layi yana jiran ruwan da na gaba suka riga suka sha. A nan mukan gaya wa yara cewa layin bai ƙare a Kura ba. Abin da aka saki a kogi yana wucewa Tamburawa, inda birnin Kano yake ɗiba, ya haɗu da Challawa, ya bi ta Wudil zuwa Haɗeja da Nguru da Gashuwa, ya nufi Tafkin Chadi. Mutanen can da ambaliyar damina suke noman shinkafa da su da kiwo, tun da aka yi Tiga kuwa ambaliyar ta ragu, kacala kuma ta toshe musu hanyoyin ruwa da yawa. Su ma suna cikin lissafin tumatirin nan.

Bara mun ƙare tafiyar a gonar wani mai albasa, muka same shi yana ban ruwa. Ba shi da inji. Waɗansu gajerun bututu ne lanƙwasassu a hannunsa. Ya tsoma guda a cikin 'yar kanal har ya cika, ya toshe bakinsa da tafin hannu, ya ɗora shi a kan kunya, ya saki, sai ga ruwa yana hawa yana zuba cikin gona shi kaɗai. Wani yaro ya ce, "Baba, a koya mini." Sau huɗu yana gwadawa iska tana shiga, manomin yana dariya yana cewa, "Ɗana, kada ka ɗaga hannu sai bakin ya yi ƙasa da ruwan." A na biyar ya kama. Muka bar shi ya jera sauran bututun guda shida har ƙarshen kunyar, sa'an nan muka nemi inuwa.